Katangar Yamma: Inda Aka Kwana

'Yan'uwa masu koyon shuka irina, ga labarin katangar nan tamu ta yamma, wadda da la'asar ko jingina da ita ba a iya yi saboda zafin bulo.

A watan Yuni, da ruwa ya zauna, na shuka soso rami huɗu a gindinta, na sauko da igiya daga ƙusa zuwa ƙasa. Shi soso ba ya jiran roƙo. Yana da 'yan siraran hannuwa da yake miƙawa, duk abin da suka taɓa sai su naɗe shi kamar zobe. Kafin ƙarshen Agusta katanga ta ɓace ɓat, sai ganye da furanni ruwan ɗorawa, ƙudan zuma na ta kai-komo da hantsi. Har na fara yabon kaina.

Da hunturu ya kunno kai a Nuwamba, komai ya bushe ƙarau. Soso ɗan damina ne, ni kuwa inuwar ta bazara nake nema, lokacin da katangar ke gasa ɗaki. Ban yi asara gaba ɗaya ba dai: mun ɓare busassun 'ya'yan, mun kakkaɓe baƙin irin, yanzu da su ake wanke-wanke, har maƙwabta sun samu.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce bugenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da kuke gani ta leƙo ta kan katangun gidaje. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, wajen Brazil. Na sayo biyu a leda wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, na dasa a Yuli, ina zaton za ta manne wa bango da kanta. Ina! Ba ta da hannun kamu irin na soso, jingina kawai take yi da ƙayarta, in ba ka ɗaure ta ba sai ta zube ƙasa ta tare hanya. Na kafa mata sanduna, gara ta cinye gindinsu cikin 'yan makonni. Daga baya na buga ƙusoshin kankare na ja waya layi uku, na riƙa ɗaure rassan a kwance da tsumma, sako-sako, don kada ya ci jikinsu.

Kuskure na biyu shi ne gata. Kullum ruwa, ga kashin kaji, ta yi ganye shar amma babu launi ko ɗaya. Wani dattijo mai aikin lambu ya duba ya ce, "Malam, ka bar ta ta ji ƙishirwa mana." Na koma ba ta ruwa sau ɗaya a mako, ga shi yanzu bakin rassan ya fara yin ja. Ashe ma jan nan ba shi ne furen ba, wani irin ganye ne mai kama da takarda. Ku leƙa tsakiyarsa, za ku ga ainihin furen, ɗan mitsitsi fari.

Yanzu ta rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na katangar. A kusurwar da ta rage ina so in gwada yaɗiya, tunda na sha ganinta kore a kan shinge da rani, ga kuma kwaɗo. Wanda ya taɓa dasa ta a gida, da iri ya fara ko da saiwa?