Garkuwar da ba a gani: inda aka kwana a mako na shida

'Yan uwa masu wasa da waya da batir, sannunku da ƙoƙari. Mako shida ke nan da na ɗauki alwashin gwada garkuwar nan ta finafinai, wadda mutum zai danna maɓalli iska ta zame masa bango. Bango dai bai tashi ba, sai rumfata a nan Garwa da ta cika da tarkace.

Da mayen ƙarfe na fara. Na samo matattun faifan ajiyar kwamfuta guda huɗu wajen wani mai gyara a kasuwa, na ɓalle su na ciro maganaɗisun ciki, irin masu ƙarfin nan da ake yi da sinadarin niyodimiyam. Ku yi hattara da su, biyu sun haɗu sun matse mini yatsa har ya tara jini. Na jera su kan katako, na sa ƙanena ya riƙa gangaro da boris ta gefensu. In boris ɗin ya bi kusa, kamar faɗin yatsa, sai ya karkace ya manne. In ya wuce da tazarar tafin hannu, ko a jikinsa. Ƙarfin maganaɗisu da sauri yake zubewa: da ka ɗan ja baya, duk ninka nisa sau biyu kusan kashi ɗaya cikin takwas yake bar maka. Sannan jawo boris ɗin yake yi, ba korarsa ba. Garkuwar da za ta kira ƙarfe zuwa ƙirjinka ai gara babu ita. Da muka harba tsakuwa da danƙo kuwa, wucewarta ta yi abinta. Dalmar da ake cika yawancin harsashi da ita ma ba ta jin kiran mayen ƙarfe.

Abin da ya hana ni watsar da aikin, farantin sanholo ne na Inna. Na jingina shi, na ɗora maganaɗisu a sama na saki. Maimakon ya sulalo, sai ya riƙa saukowa a hankali kamar ana riƙe da shi, alhali sanholo ba ya mannewa. Motsin maganaɗisun ne ke tayar da lantarki mai kewayawa a cikin farantin, lantarkin kuma ya haifi nasa maganaɗisun da ke adawa da motsin. Dokar Lenz ke nan, tun 1834. Na maimaita ya fi sau ashirin, har Baba da ke kishingiɗe a tabarma ya ce, "Kai yaro, 'yan tauri sun riga ka, su ko batir ba sa nema." Birki ne na gaske, ba tare da taɓawa ba, amma birkin abu mai tafiyar hawainiya, a tazarar da ba ta kai kaurin farce ba.

Garkuwa ɗaya ce ta yi mini aiki, ita kuma ana ganinta da ido. Na sa waya a gwangwanin madara na rufe, na kira, ta yi ƙara. Ashe bakin murfin ne bai haɗu sosai ba. Na naɗe ta da takardar alminiyam ninki uku, na danne kowace kafa, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke ɗif. Michael Faraday ya gina irin wannan keji a 1836. Igiyar rediyo yake tarewa, ba dutse ba.

Masu kuɗi ma ba su yi nisa ba. Ady Hershcovitch na ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka ya ƙirƙiro tagar filasma a shekarun 1990, iskar gas mai tsananin zafi da ke hana iskar waje kutsawa cikin wurin da aka zuƙe wa iska, amma ƙaramar kafa take rufewa, tana shan wuta da yawa. Ita duniyarmu, maganaɗisunta mai rauni ne, bai wuce maikirotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 25 zuwa 65 ba, yana karkatar da ƙwayoyin da rana ke fesowa ne don suna ɗauke da caji, ba su da nauyi, kuma yana da dubban kilomitoci na yin aikin.

Mako mai zuwa zan gwada sakin maganaɗisu cikin bututun jan ƙarfe in auna daƙiƙoƙi. Na firji ya yi siriri. Wanda ke da mai kauri a Marwa ko Ngaundere, ya taimaka ya aiko ta mota, ni zan biya kuɗin.