Abin da bakin ruwan Apapa ya koya mini

Na sauka Legas a 2003 da jaka ɗaya da kwatancen gidan kawuna a Ijora. Kwana uku da zuwana ya tashe ni da asuba, muka tafi ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa. A wancan lokacin ƙarfi ne jari. Jirgi zai tsaya da shinkafa ko taki, a zaɓe mu gungu-gungu, buhu mai kilo 50 a kafaɗa tun safe har la'asar. Ƙurar taki tana cin ido, gishirinsa ya haɗu da gumi ya tsattsage fatar wuya. Ranar da babu jirgi kuwa sai zaman gindin gada, ana shan shayi bashi.

A 2006 gwamnati ta ba kamfanoni hayar tashoshin, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa (NPA) ta koma mai gida kawai. Aka kawo sababbin kireni, kaya suka ƙara komawa cikin kwantena. Aikin da gungunmu ke wuni a kai, mutum ɗaya a kujera ya gama shi kafin azahar. Da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dala a 2015, ɗan abin da ya rage mana ma ya ja baya.

Wata rana kawu ya dube ni ina shafa man zafi a baya, ya ce, "Ɗana, wannan kafaɗar ba za ta kai ka shekara hamsin ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Na riƙa biyan wani direba yana koya mini tuƙa motar ɗaga kaya bayan an tashi aiki. Wata bakwai ina tara kuɗin lasisi. Na yi rajista da NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa, na shiga ƙungiyar ma'aikatan ruwa. Abokaina da dama da suka fi ni ƙarfi ba su yi haka ba, wasu yanzu suna dako a kasuwar Mile 12, wasu sun koma gida noma. Abin yana damuna har yau.

Tun da tashar Lekki ta fara aiki a 2023, samari daga gida ke kirana, wai an ce akwai aiki. Akwai, amma kwantena ce da na'ura, kuma takarda ake fara tambaya. Makon jiya ɗan ƙanwata ya kira zai taho. Na ce ya tsaya tukuna, na tura masa kuɗin makarantar koyon tuƙi a Funtuwa.