Abincin da ke Wahalar Wucewa Bayan an Sa wa Mutum Zoben Tumbi

Mafi yawan waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ta hanyar ɗaura zobe a tumbi suna shiga ɗakin tiyata da tunanin cewa abin da zai canza a rayuwarsu shi ne yawan abincin da za su ci. Ba a cika jaddada musu cewa irin abincin ma zai canza ba, kuma wasu abubuwan da suka saba ci tun suna yara ba tare da sun ko lura ba za su zame musu abin fargaba. Ni ma ina ɗauke da wannan zobe, kuma abin da ya fi damuna game da shi shi ne yadda mutane da dama ke shan wahala a ɓoye, suna zaton maƙalewar abinci da amai wani haraji ne da dole su biya kafin su rame.

Sai an fahimci yadda zoben yake aiki kafin a gane dalilin da ya sa wani abinci ke wucewa, wani kuma ke tsayawa. Zoben na silikon ne, wata irin roba mai laushi, ana ɗaura shi a can saman tumbi ta hanyar tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan huje-huje, ba a yanke tumbin, ba a kuma taɓa hanji. Sama da zoben sai a bar wata 'yar jaka wadda ba ta cika wuce mililita 15 zuwa 30 ba, a ƙarƙashinta kuma ga siririyar ƙofa wadda duk abin da mutum ya haɗiye sai ya bi ta cikinta. A jikin zoben akwai balan-balan da aka haɗa da siririn bututu zuwa wata 'yar ma'ajiya da ake binnewa ƙarƙashin fatar ciki, ta nan ne likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri domin zoben ya matse, ko ya zuƙe shi domin ya sassauta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin zoben da ake kira Lap-Band a shekarar 2001, kuma ko da yake a 'yan shekarun nan likitoci sun fi karkata ga tiyatar yanke wani sashe na tumbi, har yanzu mutane masu ɗimbin yawa suna rayuwa da zobe a jikinsu. Aikinsa tamkar na mazurari ne: ruwa da duk abin da ya narke suna zurarewa, abin da ya dunƙule kuwa sai ya toshe baki.

Nama ne kan gaba wajen ba da wahala, musamman jan nama da aka gasa ko aka soya har ya bushe, da kuma ƙirjin kaza, wanda mutane ke zaɓa saboda ba shi da kitse amma shi ne ya fi kowane sashe bushewa. Tsokar nama zare-zare ce, komai yadda aka tauna ta ba ta narkewa a baki, sai dai ta cure wuri guda, idan kuma akwai jijiya ko guringuntsi a ciki abin ya ƙara muni. Naman da ya kwana aka sake ɗumama shi ya fi sabo haɗari, domin ruwan jikinsa ya riga ya ƙafe. Amma ban yarda a ce mai zobe ya haƙura da nama ba, tunda ana buƙatar ya samu kimanin giram 60 zuwa 80 na furotin a kullum don kada tsokar jikinsa ta zube tare da kitsen. Abin da ke kawo sauƙi shi ne yadda aka dafa. Naman da aka bari a kan wuta kaɗan-kaɗan cikin romo har ya yi laushi yana warwarewa da cokali, ko niƙaƙƙen nama cikin miya, ko cinyar kaza a maimakon ƙirji, duk waɗannan sukan wuce lafiya. Idan za a yanka, a yanka ta tsakiyar zaren maimakon a bi tsawonsa. Kifi mai laushi, da ƙwai da ba a dafa shi har ya yi tauri ba, da wake da ya nuna lugub, su ne suka fi rufa asiri a ranakun da zoben ke jin matsi.

Burodi shi ne ya fi ba sababbin masu zobe mamaki, domin a ido abu ne mai laushi, kuma mutum zai yi zaton mai laushi shi ne mai sauƙi. Sabon burodi da zarar ya haɗu da yawu sai ya koma ƙulli mai danƙo, ya je bakin ƙofar ya zauna, yana ƙara kumbura da duk ruwan da ya same shi. Wanda aka gasa har ya yi ƙaras-ƙaras ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, saboda yana farfashewa a baki maimakon ya dunƙule. Shinkafa da taliya su ma halinsu ɗaya da burodi, musamman idan sun dahu sun caɓe, ko kuma aka ci su gaya babu miya. Shinkafa tana da wata matsala ta daban: ƙwayoyinta ƙanana ne, sai harshe ya tura su ciki tun ba a gama taunawa ba, su je su taru a jakar su dunƙule.

Sai kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu zare ko ɓawo. Seleri (wani ganye mai dogon kara mai zare), da kabeji ɗanye, da masara mai ɓawon da haƙori ba ya iya niƙewa, da ganyen salak wanda kan naɗe ya shimfiɗu a bakin ƙofa, duk suna cikin abin da ake yawan kokawa a kai. Ɓawon tuffa da na inabi da na tumatir, da farar fatar da ke raba ɓangarorin lemun zaƙi, da tsakiyar abarba, da zaren mangwaro, su ma haka. Waɗannan maganinsu bai da wuya: a fere, a cire fata, a yanka ƙanana, a dafa abin da ke dafuwa. Busassun 'ya'yan itace suna da danƙo kuma suna kumbura bayan an haɗiye su. Gyaɗa da kwakwa da gugguru kuwa wasu suna cinsu lafiya, wasu ko kusa ba sa zuwa.

Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane yadda maƙalewar take ba. Ba shaƙewa ba ce, domin numfashi yana fita, mutum yana iya magana. Wani nauyi ne ke tokare tsakiyar ƙirji, bayan ƙashin, wani lokaci ya harba zuwa baya ko kafaɗa, sai hanci ya soma zuba, idanu su kawo ruwa, shaƙuwa ta taso. Daga nan sai yawu mai kauri da yauƙi ya riƙa cika baki, saboda jiki yana ƙoƙarin sulɓe abin da ya tsaya, yawun kuma ba shi da hanyar wucewa. Ƙarshenta ko dai loman ya sulale ƙasa, mutum ya ji sakayau nan take, ko kuma ya dawo sama da gyatsa, kusan yadda aka haɗiye shi, babu ɗaci babu tsami domin bai kai inda ruwan tumbi yake ba. A wannan hali babban kuskure shi ne a kwankwaɗi ruwa da nufin tura shi, domin ruwan zai tsaya a kansa ne kawai ya ƙara matsi. Abin da ya fi shi ne a ajiye cokali, a miƙe tsaye, a ɗan taka, a tofar da yawun, a jira. Bayan abin ya wuce, bakin ƙofar yakan kumbura, don haka ana son a koma kan abinci mai ruwa-ruwa na yini ɗaya ko fiye kafin a dawo kan mai tauri.

Akwai abin da ke ruɗa mutane, wato abincin da ya wuce jiya lami lafiya ya ƙi wucewa yau. Da yawa daga cikin masu zobe sun fi jin matsi da safe, sai can da yamma hanya ta saki. Damuwa, da gaggawa, da mura, da ƙarancin ruwa a jiki, da lokacin al'ada ga mata, da kwanakin farko bayan an ƙara ruwa a zoben, duk suna iya rage faɗin hanyar. Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne mutum ya yanke wa wani abinci hukunci saboda ya wahalar da shi sau ɗaya. A bar shi na wasu makonni, a sake gwadawa da wata irin dahuwa, a wani lokaci na yini, a gida cikin natsuwa, kuma abu ɗaya sabo a kowane zama domin a san mai laifin.

A gaskiya sau da yawa laifin na yadda aka ci ne. Binciken da aka yi a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, inda Farfesa Paul O'Brien da abokan aikinsa suka daɗe suna nazarin wannan zobe, ya nuna cewa abinci ba ya taruwa ya zauna a 'yar jakar kamar yadda aka zata da farko. Kowane loma bututun abinci ne ke matsa shi sau da yawa har ya tsallake zoben, kuma wannan matsawar ce ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ma'anar wannan a aikace ita ce loma na biyu bai kamata ya iske na farko a hanya ba. Don haka ake cewa loma kada ya wuce cikin ƙaramin cokali, a tauna shi aƙalla sau 20 har ya zama babu gudaji, a haɗiye, a dakata kamar minti ɗaya, sannan a tashi daga cin abincin bayan minti 20 zuwa 30 ko da akwai saura a faranti. Wanda ke ci yana hira, ko yana kallon waya, ko ya bari yunwa ta ci ƙarfinsa kafin ya zauna, shi ne loman farko ke kamawa. Yawancin asibitoci suna kuma ba da shawarar a raba ci da sha, a bar tazarar kamar minti 30, sannan a riƙa kurɓar ruwa a sauran yini har a kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Lemun kwalba mai gas yana cika ciki da iska, ya jawo kumburi da zafi, kuma ana hana shi musamman a watannin farko.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne wannan: abincin da ke wahalar wucewa galibi shi ne mai amfani, wanda ke zurarewa kuma shi ne mai sa ƙiba. Askirim, da cakulan, da biskit, da soyayyen dankali mai ƙaras-ƙaras, da madara mai sukari, da ruwan 'ya'yan itace, babu wanda zoben zai tare, domin duk suna narkewa tun a baki. Kuma da yake wannan tiyata ba ta taɓa hanji ba, mai zobe ba ya cika fuskantar jiri da gudawar da kan hana waɗanda aka yi wa tiyatar karkatar da hanji shan zaƙi, jikinsa kuma yana tsotse duk abin da ya shiga. Sai ka ga mutum ya gaji da maƙalewar nama da kayan lambu, a hankali ya koma kan abin da ba ya ba shi wahala, yunwa ba ta barinsa tunda abu mai ruwa ba ya riƙe ciki, nauyi ya tsaya ko ya soma dawowa. Daga nan sai ya koma asibiti ya roƙi a ƙara matse zoben, alhali matsin ne ya kai shi ga haka tun farko. Wannan abu yana ba ni takaici ƙwarai, domin mutanen da ke cikin wannan hali sukan ɗora wa kansu laifin rashin haƙuri, wasu ma kunya ta hana su komawa wurin likita, bayan kuwa zuƙe ɗan ruwa kaɗan daga zoben zai iya mayar da su kan abinci mai tauri. Zoben da ya zauna daidai shi ne wanda mutum zai ci ɗan abinci na sosai, ya ƙoshi, ya yi sa'o'i bai nemi wani ba, kuma ba ya amai.

Amai da ake ta maimaitawa yana da illa ta gaske. Yana iya sa tumbi ya sulluɓo ta cikin zoben har jakar sama ta yi girma ta toshe hanya, yana iya buɗa jakar ko bututun abinci, kuma idan ya daɗe yana iya jawo ƙarancin bitamin B1, wanda ke taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ƙwannafi mai tsanani, da tari cikin dare, da farkawa a ji abinci ko ruwa ya dawo maƙogwaro, alamu ne na cewa zoben ya yi matsi da yawa ko ya goce daga wurinsa, kuma ba a maganinsu da canza abinci kawai. Idan kuwa aka kai ga ruwa ma ba ya wucewa, ko yawu ya gagara haɗiyewa, ko ciwon ciki mai tsanani ya zo tare da amai, ko aka ga jini, to ba a kwana da wannan a gida, a tafi asibiti a gaya musu tun daga ƙofa cewa akwai zobe, domin abu na farko da ake buƙata shi ne a zuƙe ruwan da ke cikinsa.

Manyan ƙwayoyin magani ma suna iya tsayawa kamar yadda loma ke tsayawa. Kada mutum ya daka ko ya raba ƙwaya bisa ra'ayin kansa, domin akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali, dakawa kuma tana ɓata aikinsu. A tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna ko akwai na ruwa ko mai narkewa, a kuma sanar da su kafin a sha magungunan ciwo irin su ibuprofen, saboda suna iya cin bangon tumbi daidai inda zoben yake.