Wayit Mai Ruwan Ɗorawa: Sana'ar Kwasar Ruwan Bayyara a Jidda

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san wayit, motar nan mai tanki a baya. Akwai mai kawo ruwan sha, wadda ake buɗe wa ƙofa tun tana kan kwana. Akwai kuma mai launin ruwan ɗorawa, wadda in ta tsaya kusa da kai a danja sai ka ɗaga gilashi. Ta biyun ita ce tamu. Ina da ƙaramar mu'assasa mai 'yan motoci, muna zuƙe ruwan bayyara, wato ramin najasa na gida, muna buɗe bututun da ya toshe, muna yashe tarkon maiƙo, akwatin da ke tare kitsen ruwan kicin a gidajen abinci. Kakanmu daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya ƙetaro teku ta Sawakin. Mahaifina tuƙin wayit ya yi wa wasu har ƙarfinsa ya ƙare, a gefensa na koyi riƙon tiyo kafin in koyi riƙon sitiyari.

Abin da ya haifi sana'ar a bayyane yake. Jidda ta faɗaɗa da gudu, gine-gine suka riga bututun najasa isa unguwanni. Sai kowane gida da kowace imara, wato benen haya mai gidaje da yawa, suka haƙa bayyara, ramin da ruwan banɗaki da na kicin da na wanki ke taruwa. A Kano ko Zinder masai yakan ɗauki shekaru kafin a nemi masu yasa, domin ƙasa tana shanye ruwan. Nan kuwa bakin teku muke, a wasu unguwanni ba ka yi nisa da haƙa ba za ka tarar da ruwan ƙasa. Ramin da ke zaune cikin ruwa ba ya shan komai. Ka zuƙe shi yau, kafin mako ya zagayo ya cika, rabin abin da ka ɗauka ma ba daga gidan ya fito ba, ruwan ƙasa ne ya tsatso. In mai gida ya yi nawa sai ruwan ya tumbatsa ya bi titi, yara na tsallake shi zuwa makaranta, masu zuwa masallaci na tattare jallabiya.

A zamanin mahaifina, inda ake kai kayan shi ne wani kwari a gabashin gari, bayan tsaunuka, wanda ya zama tafki har ake ce masa Buhairatul Miski, wato Tafkin Almiski. Motoci ɗaruruwa ke jera layi kullum suna juye ɗanyen ruwan najasa, shinge na ƙasa ne kawai ya tare shi, gari kuma yana gangare. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, takwas ga Zulhajji, mahajjata na hawa Mina, ruwan sama ya ɓarke a Jidda. Ambaliya ta ci fiye da mutum 100, unguwar Ƙuwaiza ta fi kowa shan wahala. Kwanakin da suka biyo baya babu abin da ake faɗa a majalisu sai tafkin nan: in shingen ya karye fa? Mutanen gabashin gari da yawa sun kwana a waje saboda fargaba. Allah ya kiyaye bai karye ba. A 2010 aka damƙa al'amarin ga Kamfanin Ruwa na Ƙasa, wanda aka kafa a 2008, ya janye ruwan, aka hana zuba komai a wurin. Daga nan sana'armu ta canza kama, kuma ni a ganina ta gyaru ne.

Mutanenmu sukan haɗa komai su ce baladiyya, wato ƙaramar hukuma, har a riƙa kai ƙara inda ba can ba. Bututun najasa da tashoshin tacewa da wuraren da muke juye kaya duk na Kamfanin Ruwa ne. Magudanar ruwan sama, da lasisin shago, da duba tsaftar gidan abinci, da tarar wanda ya bar ruwa ya malala titi, wannan aikin Amanar Jidda ne, wato hukumar birnin, da rassanta na baladiyya. A saman Kamfanin Ruwa kuma akwai Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, wadda aka haɗe a 2016. Dokar sake amfani da ruwan najasa da aka tace ta fito tun 1421 Hijira, wato 2000, sannan babbar dokar ruwa ta zo a 2020. Jigon abin dai kaɗan ne: in bututu ya iso ƙofarka ka jona, ɗanyen ruwan najasa ba a zuba shi a fili ko kwari ko teku, kuma wanda sana'arsa ke fitar da ruwan da ya fi na gida ƙazanta sai ya rage masa dauɗa kafin ya sake shi cikin bututun jama'a.

A ƙarƙashin titi hanya biyu ce, ba ɗaya ba. Ta ruwan sama teku ta nufa kai tsaye, babu tacewa. Ta najasa tasha ta nufa. Wanda ya jona banɗakinsa da ta farko, kashi ya aika inda masunta ke kamun kifi. Wanda kuma ya ɗaga murfin ta biyu ranar ruwan sama don titi ya tsane, yana ganin taimako ya yi, alhali ya cika bututun da abin da ba a auna shi da shi ba, ruwan ya koma ya ɓullo a banɗakin wani mai zama a ƙasan bene, ga rami buɗe cikin ruwan da ba a ganin ƙasansa.

Ban fahimci dalilin tsananin da ake yi mana a wurin juyewa ba sai da na ga cikin tasha da idona, irin babbar nan ta Khumra a kudancin gari. Ruwa na shigowa sai ya fara bi ta ragar ƙarfe, ta tare tsumma da leda da robobi. Sai wurin da yashi da tsakuwa ke kwantawa. Sai manyan kwatamai masu zagaye inda ruwan ke natsuwa, mai nauyi ya sauka ƙasa, mai maiƙo ya taso a kwashe. Wannan ce tacewa ta farko, kuma har yanzu ruwan ƙazami ne. Aikin gaske yana mataki na biyu, a tafkunan da ake hura wa iska dare da rana, ruwan yana tafarfasa launin ƙasa-ƙasa. A ciki akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cinye dauɗar. Injiniyoyin suna kula da su kamar yadda makiyayi ke kula da garke: a ba su iska daidai, a rage su in sun yi yawa, a mayar da wasu baya su ci gaba da aiki. Abin da ya taru a ƙasa, laka mai kauri da suke kira hama'a, a matse shi a busar. Mataki na uku shi ne a bi da ruwan ta matatar yashi, a kashe sauran cuta da kulorin ko da wani haske na musamman.

Akwai awon da ke bakin kowa a wurin, BOD, wato yawan iskar da ƙwayoyin nan za su sha kafin su cinye dauɗar da ke cikin lita guda. In adadin ya hau, ruwan ya ƙazantu ke nan. Na mataki na biyu ana barinsa har miligiram 40 a lita, kuma ban-ruwansa mai iyaka ne, irin su ciyawar dabbobi da itatuwa. Na mataki na uku kada ya wuce 10, shi ake sakar wa ban-ruwa ba tare da wannan iyakar ba. To, tanki ɗaya na baƙin mai daga gareji, ko ruwan asid daga wata masana'anta, yana iya gurgunta ƙwayoyin nan, tasha ta yi kwanaki tana fitar da ruwan da bai tatu ba. Shi ya sa nake gaya wa direbobina su leƙa rami kafin su jefa tiyo. In ka ga saman ruwa yana walƙiya kala-kala, ko ka ji warin dizal ko fenti, naɗe tiyonka ka kira ni. Wannan ba kayanmu ba ne, yana da masu ɗaukarsa da lasisinsu daban.

Yau rabin cinikinmu a bayan gidajen abinci yake. Tarkon maiƙo akwati ne mai ɗakuna a kan hanyar ruwan kicin. Ruwa ya shigo da zafi, ya huce a ciki, kitse ya daskare ya taso, shinkafa da ƙashi su nutse, ruwan tsakiya ya wuce ta ƙarƙashin shamaki. Mukan je kafin asuba, lokacin da an kashe wuta. In ka ɗaga murfin tarkon mai sayar da shinkafa buhari ko mandi, za ka tarar da ɓawon kitse fari-fari da jan tumatir a jikinsa, wani lokaci sai an sa shebur an farfasa shi kafin inji ya iya ja. Warinsa ya fi na bayyara naci, yana kama tufa. A zuƙe duka har ƙasa, a kankare bango, a duba shamakin ko ya karye, a mayar da ruwa mai tsabta, a rubuta kwanan wata a takarda, domin mai dubawa na baladiyya ita zai fara tambaya.

Akwai wata dattijuwa 'yar uwarmu mai gidan abinci, masa da miyar taushe da farfesu, wadda ta daɗe tana ganin wannan cin kuɗi ne kawai. Ta ce da ni, “Ɗan nan, ai kullum da dare ina sa yara su kwarara tafasasshen ruwa da sabulu, ba abin da ke tsayawa.” Na ce, “Hajiya, gaskiyarki, a wurinki ba ya tsayawa. Narkewa yake ya wuce, ya je can gaba inda bututu ya yi sanyi ya daskare. Ranar da layin ya toshe, maƙwabta ne za su fara gani a tsakar ɗakinsu, kuma in aka bi sawu ƙofarki za a zo.” Ta yi shiru, can ta ce, “Haƙƙin maƙwabci kuwa ba wasa ba.” Tun daga ranar, man suyar da ya gaji a jarka take tara shi, masu saye suna zuwa su ɗauka.

Abin da ke ci mini rai a sana'ar nan shi ne masu karya farashi. Kuɗin zuƙa ba na minti ashirin ɗin da inji ke ruri a ƙofarka ba ne. Na tafiya ne zuwa wurin juyewa, da dizal, da zaman layi, da sa'o'in da aka hana manyan motoci shiga gari, da hutun dole na tsakar rana daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, sha biyu zuwa uku, wanda kuma daidai ne, don ƙarfen tanki a wannan lokacin ba ya taɓuwa. Wani mai imara ya taɓa ce mini, “Malam, ga wanda zai yi mini a rabin kuɗinka.” Na ce, “Alhaji, tambaye shi ina yake kaiwa.” Bai ji daɗin maganar ba. Amma wanda ya karɓi rabi ba sihiri yake yi ba. Cikin dare zai sami kango ko murfin magudanar ruwan sama ya saki bawul ya gudu. Akwai tara mai nauyi har da tsare mota ga wanda aka kama, ni kuwa ban taɓa jin tausayin wanda aka kama ɗin ba. Ina so a ƙara sa ido, kuma a riƙa tambayar mai gida shaidar inda aka kai kayansa, kamar yadda ake tambayarmu.

Ga yaran da ke aiki da ni doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ba mai shiga rami. A cikin bayyara akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya. Mugun halinta shi ne in ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin ya ɗauka lafiya lau ne, numfashi kaɗan ya zube. Na biyu ya shiga ceto shi ma ya zube. Sau da yawa haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya, 'yan gida ɗaya. Akwai kuma iskar da ke kama wuta, shi ya sa sigari ko ashana ba sa zuwa kusa da buɗaɗɗen murfi. In dole sai an sauka, to sai an hura iska, an auna da na'ura, an ɗaura igiya, da mutum a sama wanda aikinsa kallo kawai. Kuma ba ma barin gida sai murfi ya koma ya zauna daram. Murfin da ya tsage nakan nuna wa haris, wato mai gadi, in kuma kira mai gidan da kaina, domin yaro ɗan shekara uku bai san bambancin murfi da tabarma ba.

Dattawanmu sukan tambaye ni hukuncin ruwan da aka tace, musamman in sun ga ana shayar da itatuwan titi da shi. Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan ta yi magana tun 1398 Hijira, wato 1978: in an tace shi sosai har launi da ɗanɗano da wari na najasa suka gushe, ya koma mai tsarki. A garin da ruwan famfonsa daga teku ake cire masa gishiri, a Shu'aiba da Rabig, a turo shi ta dogon bututu, zubar da ruwan da za a iya sake mora asara ce babba.

Cinikin bayyara kam yana raguwa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama, Gulail da Karantina da Sabil da Hindawiyya da Bitromin, inda da yawanmu muka girma kuma inda tsofaffin kwastomominmu suke. Jama'a suka watse, wasu arewa wasu kudu. Inda bututu ya isa, an daina kiranmu, ban kuma yi baƙin ciki ba, don na san me ake nufi da zama kusa da ramin da ke tumbatsa. Na sayar da tsohuwar mota guda na sayi injin wanke bututu mai feshin ruwa da ƙarfi, da 'yar kyamarar da ake zurawa a ga inda ya toshe. Abin da muke yawan cirowa yanzu shi ne tsumman goge jarirai da ake jefawa a masai, ba ya narkewa, yana haɗuwa da kitse ya zama dunƙule.

Aikin da na fi matsa wa masu gidaje a kai shi ne na tsohuwar bayyara bayan an jona su da bututu. Da yawa sukan bar ta haka nan, wai ai an daina amfani da ita. Iskar da ke ciki tana ci gaba da cin siminti da rodin rufin daga ƙasa, sama kuwa ana ajiye mota, yara na buga ƙwallo. A zuƙe ta ƙarƙaf, a fasa rufin, a cike ta da yashi da tsakuwa, a daddage. Kuɗin bai kai na gyaran mota guda da ta rufta ba, kuma ga wanda muka daɗe muna yi wa aiki, zuƙar ƙarshen nan ba na karɓar komai.