Jijiyar da sunanta ya kusa sa ni kuskure

A aji biyu na karatun likitanci muka fara fiɗar cinya. Abin da na fi tunawa shi ne warin fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, da ke sa ido hawaye, da malaminmu yana nuna gindin cinya da tsinken ƙarfe, yana jero mana abin da ke kwance a wurin, daga waje zuwa ciki: jijiyar saƙo, jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, sai wadda ke mayar da shi. Da Hausa duk jijiya muke ce musu, har da ta agara. A lokacin dariya abin ya ba ni.

Haddar ba ta yi mini wuya ba. Jijiyoyin da ke mayar da jini kashi biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, babbarsu ita ce safena, wadda ta fi kowace jijiyar jini tsawo a jiki: tana tasowa daga ƙafa, ta bi gaban idon sawu ta ciki, ta hau cikin cinya, ta nutse a matsematsi. Ita ce wadda likitan zuciya René Favaloro ya ciro a Kilibiland ta Amurka a 1967 ya yi wa jinin zuciya sabuwar hanya da ita, kuma ƙafa ba ta rasa komai ba, domin kusan kashi 90 cikin 100 na jinin ƙafa ta jijiyoyin ciki yake komawa. Na cikin nan su ne kashi na biyu, uwarsu ita ce femoral, da ke tasowa daga bayan gwiwa ta ratsa tsokar cinya. A cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai, tsokar sharaɓa kuwa ita ke matso jinin duk taku ɗaya. Na ci jarrabawa, na ɗauka na gama da cinya.

Shekaru bayan haka, ina sabon likita, aka kawo wata maijego, kwana goma sha biyu da haihuwa. Ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga cinya, ta yi zafi, fatar tana sheƙi. Mahaifiyarta na gefen gado da kwalbar man zafi a hannu.

"Likita, sanyi ne ya shige ta. Kwana uku ina yi mata tausa."

Na tura ta hoto. Takardar ta dawo da cewa akwai gudan jini a jijiyar femoral, amma da wata kalmar Turanci a gaba mai ma'anar "ta sama-sama". Sai hankalina ya kwanta. Ta sama-sama ai ba abin tashin hankali ba ne: maganin ciwo, a ɗaga ƙafa, a tafi gida. Har na fara rubuta sallama.

Babbar likitar da ke zagaye ta karɓi takardar, ta karanta, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ja ni ɗakin hoto, ta ɗora na'urar a cinyar dama ta danna. A allo, baƙin da'irar jijiyar ya lotse ya rufe ruf, kamar an taka tiyo. Ta koma hagu ta danna. Da'irar ta tsaya ƙyam, cike da wani abu toka-toka.

"Ka ga zurfinta? Wannan ce ka fiɗa a aji biyu. Sunan ne kawai na sama."

Ashe tsohon suna ne da ake ba sashen femoral kafin ya haɗu da reshensa mai zurfi, kuma tun 2002 masana suka ba da shawarar a daina amfani da shi, saboda irin ruɗanin da na faɗa. Gudan da ke wurin yana iya ɓallewa ya bi jini ya ratsa zuciya ya toshe huhu. Abubuwa ukun da ke haddasa gudan jini, waɗanda ake dangantawa da likitan Jamus Rudolf Virchow, duk sun taru a kanta: jini mai saurin daskarewa bayan haihuwa, jijiyoyin da naƙuda ta wahalar, da kwanciyar jego ba motsi. Hagun ma ba banza ba, don a ƙugu jijiyar da ke kai jini ƙafar dama tana haye wadda ke mayar da jinin ƙafar hagu tana danne ta.

Aka fara mata allurar hefarin mai hana jini daskarewa a daren, daga baya ƙwayar warfarin mai irin aikin na aƙalla wata uku, tana shayarwa abinta. Ni aka bar wa yi wa uwar bayani, kuma a nan kalmar da na yi wa dariya ta rama. Da na ce jijiya ce, sai ta ce to ai jijiya tausa take so. Na sake lale: hanyar jini ce ta toshe, kamar magudanar da laka ta cike, in an matsa lakar sai ta gangara ƙirji.

Ta yi shiru, ta dubi kwalbar da ke hannunta, ta ƙulle ta a bakin zane.

"To ɗana, ruwan wankan fa? Shi ma a bari?"