Irin kyautar da ka bayar, irin mutanen da za su cika maka jerin imel

Kamfaninmu ƙarami ne, kayan da muke sayarwa kuma ba a ɗora su a sikeli. Jadawalin lissafi muke tsarawa a kwamfuta domin masu ƙananan sana'o'i, sai gajerun darussa na bidiyo kan yadda ake rubuta shige da ficen kuɗi. Cinikin duka ta intanet yake, kuma mafi yawansa ta hanya ɗaya yake shigowa: jerin adireshin imel na mutanen da suka yarda mu riƙa aika musu saƙo. Tara wannan jeri da kula da shi shi ne rabin aikina, ko da yake ba shi aka rubuta a takardar rijistar kamfani ba.

Akan tambaye ni me ya kai ni wahalar imel alhali ga Facebook ga Instagram. Mabiyan da ke can ba naka ba ne, aronsu aka ba ka. Mai dandalin ne ke yanke wanda zai ga abin da ka wallafa, kuma ran da ya ga dama sai ya canja tsari. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, duk wanda kasuwarsa ke can kaɗai ya zauna hannu rabbana. Jerin imel kuwa fayil ne. Kana iya sauke shi yau daga Mailchimp ka kai shi Brevo ko wani kamfanin aika saƙo gobe, mutanenka suna nan yadda ka bar su. A shekarar 2021 ɗin ce kamfanin Intuit ya sayi Mailchimp a kan kusan dala biliyan 12, don haka masu cewa imel ya mutu sai su nemi wanda za su yi wa wannan bayani.

To amma ba wanda zai miƙo maka adireshinsa haka kawai. Akwatin saƙon kowa a cike yake. Dole a yi musaya: ka ba shi wani abu kyauta, shi kuma ya ba ka izinin shiga akwatinsa. Duk dabarar sana'ar tana cikin zaɓen wannan abu, domin kyautar ita ke tace waɗanda za su zo.

Ɗauki misalin gasar cin wayar salula, wadda ita ce mutane suka fi saurin tunawa da ita. Ka sa hoton sabuwar waya, ka ce kowa ya rubuta imel ɗinsa za a jefa ƙuri'a. Cikin 'yan kwanaki jeri zai kumbura har ka riƙa ɗaukar hotonsa kana nuna wa abokai. Sai dai waya kowa na so: ɗalibi na so, mai ritaya na so, wanda bai taɓa sayar da ko allura ba yana so. Babu abin da ya haɗa su da kayanka. Cikinsu akwai 'yan cin bulus da suka ƙware, waɗanda aikinsu ke nan bin gasa daga shafi zuwa shafi. Sun san Gmail ba ya la'akari da ɗigon da ke cikin suna, kuma yana karɓar duk abin da aka ƙara bayan alamar tarawa, saboda haka mutum ɗaya zai shiga sau goma da akwati ɗaya. Akwai kuma shafukan da ke ba da adireshin wucin gadi mai mutuwa bayan minti goma.

Ran da aka sanar da wanda ya ci, mutum ɗaya ne ya yi murna. Sauran dubban sun sha ƙasa, kuma saƙonka na gaba zai same su suna jin haushi ko sun manta da kai ɗungurungum. Mai kirki a cikinsu zai danna maɓallin ficewa. Mai gaggawa zai danna wanda ke cewa wannan saƙon banza ne, kuma nan ne ɓarnar take. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka gindaya wa masu aika saƙonni da yawa sharuɗɗa, wato a wurin Google masu aika kusan 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne ƙorafin saƙon banza kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mutum uku ke nan cikin dubu. Google ma shawararsa a zauna ƙasa da kashi 0.1. Idan sunanka ya ɓaci a wurinsu, ba 'yan gasar kaɗai za su daina ganin saƙonka ba, har tsoffin abokan cinikinka na gaskiya saƙon zai riƙa faɗa musu kwandon shara. Ga kuma kuɗi: yawancin kamfanonin aika saƙo bisa yawan kawunan da ke jerinka suke caji, ko sun buɗe ko ba su buɗe ba. Kana ciyar da baƙin da ba za su taɓa sayen komai ba.

Kyautar da muke bayarwa jadawali ne mai shafi ɗaya na kuɗin shiga da na fita na wata guda. Ka zuba lambobinka, shi kuma ya fitar maka da riba ko asara a ƙasa. Abu ne marar armashi ga duk wanda ba ya sana'a, kuma haka nake so. Wanda ya ɗauki wahalar rubuta adireshinsa don ya samu wannan ya riga ya gaya mini abu biyu ba tare da na tambaye shi ba: yana da sana'a, kuma lissafinta na damunsa. Mai sayen kayanmu ke nan.

Akwai abin da nake dubawa kafin in amince da kowace sabuwar kyauta. Tilas mutum ya iya amfani da ita a zaman da ya sauke ta. Littafin lantarki mai shafi tamanin yana da kyau a talla, amma sauke shi ake yi a ajiye sai wata rana, wata ranar kuma ba ta zuwa. Wanda bai buɗe kyautarka ba bai ɗanɗana aikinka ba, don haka ba shi da dalilin buɗe saƙonka na biyu. Tilas kuma kyautar ta zama cikakkiya. Wasu kan ba da rabin abu, sai an zo daidai wurin amfani a ce biya ka ga sauran. Mutane na gane wannan wayo nan take, kuma ba sa yafewa. Jadawalinmu na kyauta yana yin aikinsa har ƙarshe. Na sayarwar shi ke haɗa watanni goma sha biyu, ya bi bashi, ya ƙirga kayan da ke ajiye. Wanda na wata guda ya yi masa amfani, da kansa zai fara jin buƙatar na shekara.

Ban ce gasa haramun ce a sana'ar ba. Mukan yi ta jefi-jefi, amma abin da ake ci kayanmu ne: cikakken jadawalin da darussansa. Waɗanda ba su ci ba kuma mukan aika musu da ragin farashi na 'yan kwanaki, tunda sun riga sun nuna suna son abin. A kula dai da dokar ƙasar da masu shiga suke. A Amurka, alal misali, idan ka sharɗanta sai an sayi kaya kafin a shiga ƙuri'a, gasar ta koma caca a idon doka.

Fom ɗin rijista kuwa gajere ne: suna da imel, shi ke nan. Duk gurbin da ka ƙara, wasu za su juya. A ƙarƙashinsa mun rubuta ɓaro-ɓaro abin da zai biyo bayan kyautar, wato saƙo ɗaya a mako kan lissafin sana'a, wani lokaci da tallar kayanmu, kuma kana iya fita duk sanda ka so. Tunda mai saye a intanet daga ko'ina yake iya fitowa, dokar da ta fi tsanani muke bi. Ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ce yarda sai ta fito fili daga mutum, akwatin da aka riga aka yi wa alama tun kafin ya zo ba yarda ba ce, kuma tara tana iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duniya. Ta Amurka, CAN-SPAM ta 2003, ta fi sauƙi wajen neman izini, amma ta wajabta taken saƙo ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki, a sa adireshin gidan waya na mai aikawa, kuma a cire wanda ya nemi fita cikin kwanakin aiki goma. Kanada ma tana da tata tun 2014, ita kuma sai da izini.

Bayan mutum ya cika fom ba ya shiga jeri kai tsaye. Saƙon tabbatarwa ke zuwa masa, sai ya danna mahaɗin da ke ciki sannan kyautar ta iso. Ana rasa wasu a wannan mataki, gaskiya ne, amma waɗanda ake rasawa su ne masu adireshin bogi, da waɗanda yatsa ya zame musu suka rubuta gmial maimakon gmail, da waɗanda wani ya sa adireshinsu ba da saninsu ba. Saboda wannan dalili ne ma ba na sauraron masu zuwa da tayin sayar mini da adireshi dubu hamsin a dunƙule. A irin wannan tari akwai tsoffin akwatunan da masu su suka watsar, kamfanonin imel suka mai da su tarko. Duk wanda ya aika saƙo can ya tona wa kansa asiri cewa bai nemi izinin kowa ba. Haka nan haɗakar da kamfanoni da yawa kan yi, kowa ya kawo kyauta sannan a raba adireshin duk waɗanda suka shiga. Mutumin da ya ba ni adireshinsa ni ya ba, bai ba wasu kamfanoni goma sha da bai san sunansu ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi adireshi bisa alkawarin abu mai amfani, to makon farko ne ake gane ko kai mai cika alkawari ne. Saƙonmu na farko kyautar ce kawai, babu talla. Na biyu yana nuna kuskuren da aka fi yi wajen cika jadawalin, wato haɗa kuɗin aljihu da kuɗin sana'a a layi ɗaya. Na uku tambaya ce guda: me ya fi ba ka wuya a lissafinka? Amsoshin ni nake karantawa da kaina, kuma daga cikinsu yawancin darussanmu suka fito. Sai bayan waɗannan ne muke ambaton abin sayarwa.

Wajen auna nasara, na daina dogaro da adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo. Ana ƙirga wannan ne da wani ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani, wanda ake cusawa cikin saƙon. Tun Satumban 2021, da fitowar iOS 15, tsarin da ke tafiyar da wayar iPhone, manhajar Mail ta Apple tana iya sauke hoton da kanta ko mai wayar bai duba ba, sai lissafi ya nuna an buɗe. Abin da nake kallo yanzu shi ne wa ya danna mahaɗi, wa ya ba da amsa, wa ya saya. Sauran ƙananan abubuwa kuma sau ɗaya ake gyara su a huta: aikawa daga adireshin da ke ɗauke da sunan shafin kamfani, saita SPF da DKIM da DMARC, wato matakan tantance mai aikawa, don a tabbatar saƙon daga gare ka yake, da kiyaye girman saƙo, tunda Gmail na datse duk wanda ya haura kilobayit 102, kuma abin da yake ɓoyewa a ƙasa yakan haɗa da mahaɗin ficewa.

Aikin da ya fi wa ma'aikaciyarmu ciwo shi ne sharar jeri. Duk wanda ya yi wata shida bai danna komai ba, muna aika masa saƙo ɗaya mu tambaye shi ko yana so ya ci gaba. In ya yi shiru, mu cire shi. Takan ce, "Oga, mutanen nan fa da gumi muka samo su." Ni kuma in buɗe mata Postmaster Tools, shafin Google mai nuna yadda ake karɓar saƙonninka, mu duba layin ƙorafi tare, sannan in nuna mata takardar cajin wata. Kafin mu goge, mukan raba sunayen bisa kyautar da ta kawo kowa, don mu san wadda ke jawo masu zama da wadda ke jawo masu wucewa. Wadda masu shirunta suka fi yawa, ita muke saukewa daga shafi a zagaye na gaba.