Turancin da na koyar, da Turancin da na tarar a Newcastle

Shekara 8 na yi ina koyar da Turanci a sakandare kafin Allah ya kai ni Ingila ƙaro karatu. Ni ne mai shirya 'yan aji shida don takardar furuci ta WAEC, ni ne mai cika allo da alamomin sauti, ina sa yara su ja wasali su miƙe shi kamar yadda ƙamus ya nuna. Da wannan guzuri na sauka Newcastle cikin watan Satumba, raina a kwance, don a ganina ko komai zai ba ni wahala a ƙasar, ban da harshe.

Kwanana biyu a garin na tare bas zan je sayen bargo da tukunya. Na gaya wa direba inda za ni, ya gane ni sarai. Da ya ba ni amsa, ko kalma ɗaya ban tsinta ba sai wani abu mai kama da "tun". Ya maimaita, ya sake maimaitawa, mutane na tsaye a bayana cikin sanyi. Wata dattijuwa ce ta taɓa min kafaɗa, ta ce a hankali, wannan motar cikin gari za ta, in tsallaka titi in jira ta ɗaya hannun. Abin da direban yake cewa shi ne "down the town", amma a bakinsa ya fito "duun tha tuun". Na sauko jikina a sanyaye. Daren nan barci ya ƙaurace min, ina ta tambayar kaina me na yi shekara 8 ina koyarwa.

Washegari na sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu. Duk kalmar da na ji an faɗa ta wata fuska, sai in rubuta ta da haruffan Hausa yadda kunnena ya ɗauke ta, in sa asalin rubutunta a gefe, in sa wanda ya faɗa da garinsu idan na sani. Rubutun Hausa ya yi min rana ƙwarai, domin mu abin da muka faɗa shi muke rubutawa, sai ya zama madubi mai nuna min sautin tsirara.

Inda littafin ya cika shi ne gidan kula da tsofaffi, inda na sami aiki na awa 20 a mako da dokar bizar ɗalibai ta yarda. A can na haɗu da wani tsoho da ya haura 80, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Tyne. Wata safiya ina gyara masa gado, ya tambaye ni wani abu da na ji kamar "wook". Na ɗauka yana son ya taka ne, na je na jawo masa keken da yake dogarawa, na kama hannunsa zan tashe shi. Ya dube ni da mamaki. Ashe tambayata yake ko ina jin daɗin aikina. A bakin tsofaffin Newcastle, "work" kan fito kamar yadda ɗan Landan yake faɗin "walk", ita kuma "walk" ɗin sai ta koma "waak". Tun daga ranar ya ɗauke ni ɗalibi. Idan na kawo masa shayi sai ya ce in fito da littafi. A wurinsa na koyi cewa gida "huus" ne, launin ƙasa "bruun", dare "niit", yaro "bairn", komawa gida kuma "gannin hyem". Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa masu kallon ƙwallo suke jin ana kiran magoya bayan Newcastle da Toon Army.

Da farko na ɗauka lalata Turanci suke yi. Da na shiga laburare na bi diddigi, sai na ga akasin haka. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci sun yi ƙaura gaba ɗaya. Kalmar da ake faɗi "huus" ta koma "haus" a kudancin Ingila, amma can arewa da Scotland suka riƙe tsohon sautin. Wato tsohon nan nawa ya fi mai karanta labarai kusa da Turancin shekara 600 da suka wuce. A tsakiyar wannan ƙaura ne William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa ake rubuta k a farkon "knee" da "knife", domin da can ana furta ta. Gh ɗin da ke cikin "night" ma sauti ne na maƙogwaro, irin harafin kha da muka koya a makarantar allo, kuma har yau akwai mutanen Scotland da ke cewa "nicht". Na yi shekaru ina gaya wa yara haruffa ne marasa sauti, su haddace kawai, ban taɓa gaya musu cewa suna da tarihi ba.

Abubuwa biyu ne suka fi raba arewacin Ingila da kudancinta, kuma cikin mako guda kunne zai kama su. Ɗan arewa yana cewa "bus", "kup", "luv", "muni", da u irin tamu ta "kunu", inda ɗan kudu zai buɗe baki ya kusanci a. Sannan "bath" da "grass" da "laugh", ɗan Landan ja yake yi, "baath", ɗan arewa kuwa a gajarce yake yanke su. Har sunan Newcastle ɗin bai tsira ba: baƙi daga kudu kan danna gaɓar farko su ja ta biyu, 'yan gari kuma su danna ta biyu su gajarce ta. Na tuna yadda nake ja wa yaro jan biro idan ya gajarce wasalin "class". Da a Leeds ko Manchester aka haife shi, da farfesan jami'arsa ma haka zai faɗa.

Maganar r ce ta fi ba ni sha'awa, domin amsarta tana cikin Hausarmu. Dubi kalmomin da muka ara: mota, direba, kafinta, gwamna, lauya, soja, minista. Dukansu a rubuce da r suke ƙarewa, amma ba mu ɗauko ta ba, saboda Turawan da suka zo mana ba sa furta ta. Kudancin Ingila ya zubar da r ɗin da ke bayan wasali ne wajen ƙarni na 18, alhali waɗanda suka fara ƙaura zuwa Amurka tun 1607 sun tafi da abarsu, shi ya sa Ba'amurke yake murɗa ta a "car" da "water". Scotland da Ireland ma suna nan da ita. Da na hau jirgin ƙasa zuwa Edinburgh, tafiyar awa ɗaya da rabi kacal, sai na ji r tana kaɗawa a bakin mutane kamar tamu ta "biyar". Garin ma "Edinbra" ake ce masa, kamar yadda Alnwick take "Anik". Leicester kuwa 'yan gidan kallo sun riga malamai sanin cewa "Lesta" ce, tun zuwan Ahmed Musa can a 2016.

Akwai sautuka da Turawa kansu suke kushewa, amma Bahaushe ya fi kowa saurin kama su. Matasa da yawa ba sa furta t a tsakiyar "water" ko "bottle", sai su datse numfashi a maƙogwaro: "wo'a". Hamza ce tsaf, irin ta "sa'a" da "ma'ana". Wata abokiyar aikina 'yar Liverpool kuma, k ɗinta a ƙarshen "back" da "chicken" kha take komawa. Ranar da na daina neman waɗannan sautuka a ƙamus, na koma nemansu a Hausa da karatun allo, kunnena ya buɗe.

To shi wannan Turancin da na koyar, na waye? Ana ce masa RP, wato Received Pronunciation, kuma asalinsa bakin masu hali ne na kudancin Ingila da 'ya'yansu da suka yi makarantun kwana masu tsada. Wani masanin furuci mai suna Daniel Jones ya tattara shi a ƙamus ɗinsa na furuci a 1917, BBC ta ɗauke shi ta yaɗa a duniya. Masu magana da shi a Birtaniya 'yan kaɗan ne. A 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, BBC ta sa wani ɗan Yorkshire mai suna Wilfred Pickles karanta labarai da bakin garinsu, wai don Jamusawa su kasa kwaikwayon muryar gidan, sai masu sauraro suka yi ta aiko da ƙorafi. Da na karanta wannan sai na tuna kaina. Ni ɗan ƙasar Sakkwato ne. Shekarata ta farko a Kano, duk lokacin da na ce "mi" ko "wanga" ko "hwara", sai ɗaki ya ɗauki dariya, har na koyi ɓoye bakina. Kananci bai fi Sakkwatanci tsarki ba, shi aka zaɓa aka yi rubutu da shi, jarida da rediyo suka ɗora. Na san zafin wannan dariyar a jikina, amma da na riƙe alli na sa aji ya yi wa wani yaro ɗan kudancin Najeriya irinta, don ya ce "tree" a maimakon "three". A gidan tsofaffin nan akwai likita ɗan Ireland da ke zuwa duba marasa lafiya, kuma shi ma kusan haka yake faɗa. Ɗan gabashin Landan "frii" zai ce. Mu kuma "siri" muke cewa. Duk lokacin da likitan ya buɗe baki sai fuskar yaron nan ta faɗo min, kuma har yau abin yana ci min rai.

Amma kada wani ya ɗauka cewa duk yadda ka faɗa daidai ne. Aiki ya nuna min inda bakina yake da haɗari. Wata rana da dare ina miƙa rahoto ga ma'aikaciyar jinya, na ce wata tsohuwa ta sha ruwa mililita 15, ita kuma ta ji 50, ta rubuta. Allah ya sa ta karanto min kafin in tafi. Da ba ta karanto ba, da an kwana ana zaton matar ta sha abin kirki, alhali leɓe kawai ta jiƙa. Bambancin "fifteen" da "fifty" yana ga gaɓar da aka danna da tsawon wasalin ƙarshe, ni kuwa na daidaita su. Daga ranar, duk lambar da ta shafi lafiyar mutum sai na faɗe ta, in sake faɗinta ɗaya-ɗaya: ɗaya, biyar.

Sai p da f, tsohon ciwonmu. Hausa sauti ɗaya gare ta a wurin, da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa muka sami fensir da kofi da fam. Na san wannan a allo, amma idan na gaji ko na yi sauri, "pill" sai ta koma "fill", "pull" ta koma "full". Ba wanda ya taɓa kasa gane ni don na ja wasalin "bath" ko na gajarce shi. Ba wanda ya damu da r ɗina. Amma p da f, da v da b, da dogon wasali da gajere a "leave" da "live", da gaɓar da ake dannawa, su ne suka sa ake ce min in maimaita. Wata ma'aikaciya 'yar Filifin, wadda su ma suke fama da wannan ciwo, ita ta nuna min dabara: ka riƙe 'yar takarda a gaban baki, idan ka ce p ta gaskiya iska za ta buge ta ta yi tsalle, idan f ce haƙoran sama za su hau leɓen ƙasa, takardar ta ɗan karkata kawai. Wata biyu na yi ina wannan a gaban madubi bayan sallar asuba.

Na kira tsohon shugaban sashenmu a waya na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, jarrabawa fa? Ai da ƙamus za a yi wa yara maki." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, za mu koya musu na ƙamus don su ci. Amma mu gaya musu na wane gari ne, mu kuma jiyar da su wasu." Yanzu da na dawo aji, makon farko ba na taɓa allo. Ina kunna musu muryoyi a waya: ɗan Glasgow, ɗan Texas, ɗan Accra, 'yar Legas, mai karanta labarai a Landan, su rubuta abin da suka ji da haruffan Hausa. Sannan kowa ya yago takarda ya riƙe a gaban bakinsa.

Ana saura mako guda in taso, tsohon nan ya ce tunda na kwashe nasa, in ba shi nawa. Na koya masa "sannu", ya kama nan take. Sai na ce masa "kasa", na ce "ƙasa", na tambaye shi ko ya ji bambanci. Ya sa in maimaita har sau biyar, ya karkato da kunnen da na'urar ji take, ya rufe ido. Na ƙara masa da "bari" da "ɓari". Ya girgiza kai, ya rantse kalma ɗaya nake ta faɗa. Na kama hannunsa na ɗora a maƙogwarona don ya ji yadda yake motsawa idan ƙ za ta fito. Ya gwada, ya gwada, tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya huta ya karɓi littafina, ya buɗe shafin ƙarshe, ya sa na rubuta masa ƙ da lanƙwasarta, shi kuma ya kwafa a ƙasa da hannunsa mai rawa.